Me ya sa shirin Turkiyya kan kaɗaicin 'yan boko ba ya tsawo?

Tambaya: Na kalli Bir Başkadır a Netflix, kashi takwas kacal ya ƙare. Likitocin ƙwaƙwalwa ne da 'yar fim da masu hali a Istanbul, kowa na fama da kaɗaici. Me ya sa bai yi tsawo kamar Ertuğrul ba? Kuma me ya hana manyan tashoshin Turkiyya nuna irinsa?

Amsa: Ɗan'uwa, ba ƙarancin labari ba ne, tsarin kasuwar ne. A manyan tashoshi irin su Kanal D, ATV da Show TV, kashi ɗaya yakan kai minti 120 zuwa 150, sau ɗaya a mako, daga wajen Satumba zuwa Yuni. Idan an haɗa da taƙaitaccen kashin baya da tallace-tallace, shiri ɗaya ke cinye daren, daga ƙarfe takwas har kusan sha biyu. Washegari da safe hukumar TİAK ta fitar da alƙaluman masu kallo. Shirin da ya kasa jan jama'a, cikin 'yan makonni sai a soke shi, ko da labarin bai kai ko'ina ba.

To ka ga matsalar. Kafin a riƙe iyali guda awa biyu da rabi, sai an zuba rikicin gado, cin amana, harbe-harbe da asirin da zai tonu. Shi kuwa labarin kaɗaici da shiru yake tafiya: mace zaune ita kaɗai a falo mai tsada, ta ɗauki waya ta ajiye ba ta kira kowa ba. In aka ja wannan tsawon kashi talatin, ya lalace. Ko dai a cusa masa soyayya da makirci ya tashi daga abin da yake, ko mai kallo ya canza tasha. Su kansu marubuta da ma'aikatan fim sun yi zanga-zanga a Istanbul a 2010 kan tsawon, lokacin ma kashi bai wuce minti 90 ba.

Akwai kuma RTÜK, hukumar sa ido kan kafafen yaɗa labarai. A talabijin ana dusashe hoton sigari da giya, su kuwa ba sa rabuwa da zaman irin waɗannan mutane. Shi ya sa labaran suka koma intanet, wato BluTV (wanda ya koma HBO Max a 2025), Gain da Netflix, inda kuɗin rajista ke riƙe shiri, ba talla ba. Tun 2019 su ma sai da lasisin RTÜK, amma ba wanda ke tilasta musu tsawo.

Berkun Oya ne ya rubuta Bir Başkadır ya kuma ba da umarni, ya fito a Nuwamban 2020, kowane kashi ƙasa da awa ɗaya. Abin da ya fi cancantar lura shi ne zaman Peri da Meryem. Peri likita ce 'yar manyan gida, Meryem kuwa mai aikatau ce mai ɗaurin kallabi da ke yawan suma. Peri na saurarenta, amma a ranta ƙyamar kallabin take yi, har sai ta kai kukanta wurin abokiyar aikinta Gülbin. Wannan ƙyama tana da tarihi: an daɗe ana hana mata masu rufe kai shiga jami'o'i, kuma sai a 2013 aka ɗage haramcin a ma'aikatun gwamnati. Wanda bai san haka ba zai ɗauka girman kai ne kawai.

Shawara: ka kalle shi da muryoyin asali da fassara a rubuce, ba wanda aka ɗora wa murya ba. Peri na cusa Turanci cikin Turkancinta, dangin Gülbin na yin Kurdanci, Meryem kuma na da lafazin 'yan gefen birni. Da zarar murya ɗaya ta rufe su, ba za ka ji ratar da ke tsakaninsu ba.