Me ya sa kayan Corolla ke shiga Vibe, amma man giyar tsohuwa ba ya yi wa sabuwa?

Sani, jiya ka yi mini tambaya hannuna na cikin inji, ban samu na amsa ba. Ka ce: "Oga, Vibe aka kawo, tambarin Pontiac ne a gabanta, amma ka aike ni Ƙofar Ruwa sayo kwayil ɗin Corolla. Ga kuma Corolla 2015, na ɗauko man giyar da muke zuba wa sauran Corolla, ka hana. To yaya ke nan?" Tambaya biyu ka yi, amma uwarsu ɗaya: lissafin kuɗin kamfanonin da ke ƙera motocin.

Ƙirƙiro sabon inji yana cin shekaru da maƙudan kuɗi, kuma gasa ba ta bari kamfani ya ɗora farashin da ya ga dama. Sai ya yi inji ɗaya da ƙashin mota ɗaya, ya riƙa sauya musu riga, wani lokacin ma har da abokin gasarsa. A 1984 General Motors da Toyota suka haɗa jari a wata masana'anta a Fremont, jihar Kalifoniya. Can aka riƙa ƙera Vibe, wadda tagwaye take da Toyota Matrix. Da General Motors ta karye a 2009 aka kashe tambarinta na Pontiac, masana'antar ta rufe a 2010, Tesla ta saye wurin. Saboda haka in ka shiga kasuwa kana cigiyar "kayan Pontiac", mai shago zai gane kai baƙo ne, ya yanka maka kuɗi a kan abin da ke jibge a shagonsa da sunan Corolla.

Amma kar ka ɗauka kowace Vibe ɗaya ce. Ta 2003 zuwa 2008 mai 1.8 injinta 1ZZ-FE ne, irin na Corollar wancan lokacin. Mai GT ta farkon shekarun 2ZZ-GE ce. Ta 2009 da 2010 ko dai 2ZR-FE ko 2AZ-FE mai 2.4. Kwayil ɗin 1ZZ ba na 2ZR ba ne. Haka Sharan ɗin da ke jigilar Kano zuwa Abuja: ita da Ford Galaxy ta farko da SEAT Alhambra duk a masana'anta ɗaya aka haɗa su a Fotugal. Kayan ƙafa da na jiki da yawa suna shiga juna, injin dizal 1.9 da VR6 duk na Volkswagen ne, amma Galaxy mai 2.0 ko 2.3 na fetur injin Ford ne, kuma daga 2006 Ford ta raba gari ta koma yin tata. Lexus ES350 ta 2007 zuwa 2018 kuwa, injinta 2GR-FE, shi ne a Camry V6 da Highlander da Sienna. Sunan Lexus kawai ke ƙara wa kaya kuɗi.

Don haka kafin ka hau mashin zuwa kasuwa, rubuta lambar inji. Duba lambar shasi mai harafi 17. A motar Amurka harafi na goma ne ke nuna shekarar ƙira, kar ka dogara da abin da dillali ya faɗa wa mai mota. Ka ɗauki tsohon kayan a hannu, ka karanta lambar da ke jikinsa, ta Toyota goma ce, biyar-biyar. Ka ƙirga ƙafafun soket. Mafi yawan kwayil da fulogi da sensa Denso ke yi wa Toyota, giyabos da famfon ruwa kuma Aisin, don haka kayan Beljiyam mai wannan suna sau da yawa ya fi sabon kwali mai ƙyalli da ba a san uban da ya haife shi ba.

Yanzu ga ɗaya gefen. Ba don Kano aka ƙera motar nan ba. Don mai saye a Amurka ko Turai aka yi ta, inda doka ke cin kamfani tara in motocinsa sun cika shan mai ko hayaƙi. Kowane ɗigon fetur lissafi ne a wurinsu. Daga nan aka samo baƙin mai tsinkakke, da tarin sensa, da giyar CVT. Garantin Toyota na inji da giya a Amurka shekara 5 ne ko mil 60,000. Kafin mota ta biyo ta Kwatano ko Legas ta iso garejinmu ta wuce wannan da nisa, ragowar ɗawainiyar tamu ce.

Mafi yawan Corollar Amurka daga 2014 CVT ce. Cikinta bel ne na ƙarfe yana gudu tsakanin fule biyu masu matsewa da buɗewa. Man yana da aiki biyu masu karo da juna: ya sanyaya ya shafe ƙarfe, kuma ya bar bel ɗin ya kama. Zuba mata T-IV na tsohuwar Corolla, bel ya fara zamewa, ya karce fuskar fule. Da fari za ka ji tana rawa in an tashi daga tsaye, sai kuka kamar na injin markaɗe, sai inji ya yi ta ihu mota ba ta tafiya. In an kai nan sai giyabos sukutum. Nata man shi ne CVT FE. Ba ta da sandar awo. A ƙasa mai daidai ake ajiye ta, inji na aiki, ka sa kwamfuta ka ga zafin man ya kai digiri 35 zuwa 45, sannan ka buɗe noti na ambaliya har ya koma ɗiga. In ka auna da zafi sosai man ya kumbura, za ka zubar da wanda ake buƙata.

Baƙin mai ma haka. Injin Corolla 2015 0W-20 aka rubuta masa, 1ZZ kuma 5W-30. Masu cewa zafin Kano sai 20W-50 ba su taɓa riƙe ragar bawul ɗin VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, a tafin hannu ba. Ba ta kai kan ɗan yatsa ba, ramukanta kamar na rariyar shayi. Mai kauri, balle wanda ya kwana biyu ba a sauya ba, yana toshe ta, sai ƙara da safe da wutar inji a dashbod. Cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye kuwa, ni ban yarda da shi ba ko kaɗan. Tamostat ɗin wajen digiri 82 yake buɗewa. In babu shi inji ba ya kai zafinsa, biren bos, wato kwamfutar inji, ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya yi ta ƙara fetur. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramar cuta ba ce ga mai mota. In mota na zafi, wanke lagireto, duba murfinsa da fanka.

Tsadar kaya kuma ba duka haɗamar 'yan kasuwa ba ce. A 2021 ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki ya tsayar da masana'antu, tsofaffin motoci suka yi tsada a Amurka, inda muke ɗebowa. Sannan dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya sayi sensa bisa zato yanzu, kuɗin cefanen mutum ya ƙona. Sa kwamfuta tukuna.

Abin da ake sayarwa can yau shi zai cika garejin nan nan da shekara goma. A 2023 Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci, kamfanin BYD na Sin kuma tun 2022 ya daina ƙera mota mai fetur zalla. Masu haɗa fetur da batir sun riga sun fara shigo mana. In ka buɗe bonet ka ga waya mai ruwan lemo, ajiye sifana ka kira ni. Batirin Prius ya haura volt 200. Sai an kashe mota, an nisanta makulli, an cire ƙafar ƙaramin batir, an sa safar roba ta masu lantarki an zare fulogin tsaron babban batir, an jira minti goma, an auna da mita an ga babu wuta, sannan a taɓa.