Amsa ga ɗan uwan da ya ce mutanen ƙauyensu ba sa fita zaɓe

Salam ɗan uwa. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar ƙauyenmu kake ba da labari. Ka ce kusan kowane gida akwai kati amma ranar zaɓe akwatinku kamar an yi shara, kana tambaya wai jahilci ne ko me za ka yi su fito. Don Allah cire maganar jahilcin nan daga bakinka, kar ma wani dattijo ya ji ka faɗa. Mutanen nan sun fi ni da kai sanin siyasa, gajiya suka yi.

Ni ejan na yi a akwatinmu a 2023, wani ƙauye ne a Jigawa. Ka fara duba lokacin ma, 25 ga Fabrairu, tsakiyar rani, samarinmu duk suna ci-rani a Legas da Fatakwal da Abuja, masu acaɓa da masu dako da 'yan ga-ruwa, rajistarsu kuma a gida take. Ga canjin kuɗi ya hana kowa sakat, takarda ba ta samuwa, direba ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, to da me mutum zai zo? Kuma ba su manta 2019 ba da aka ɗage zaɓe cikin dare daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, waɗanda suka ci bashi suka zo haka suka koma ba su dangwala komai ba. Ƙasar gaba ɗaya ma sama da mutum miliyan 93 ke da rajista, kusan miliyan 25 ne kawai suka fito, don haka ba ku kaɗai ba ne.

Amma ni abin da ya ƙona min rai daban ne. Ciyaman ɗinmu na mazaɓa ya kira ni gidansa ya dafa kafaɗata ya ce an ba da kuɗin mota, in je in tara matan unguwar da ke ƙetaren fadama, ƙarfe takwas mota za ta zo. Sati biyu ina bi gida-gida, ina sallama ina tsugunawa ina roƙon mazajensu su bar su su fita. Ranar zaɓe suka yi wanka suka saka hijabansu na unguwa suka zauna gindin tsamiya, wasu da goyo, har da gwaggona da ƙafa ke damunta, ta bar tuyar ƙosanta ta ranar saboda ni. Takwas ta yi, goma ta yi, azahar ta yi, ba mota ba dalilinta, na kira wayarsa ya fi sau ashirin a kashe. Na bar akwatin na ari mashin na dinga jigila biyu-biyu da man da na ci bashi, ka san biyu da rabi ake rufe layi, gwaggo ita ce ta ƙarshe da na ɗauko muka iso an rufe. Ba ta yi min faɗa ba wlh da ma faɗan ta yi, cewa kawai ta yi "ba komai ɗana, mai da ni gida". Bayan kwana biyu sai ga magana ta zaga gari wai ni na cinye kuɗin motar. Ni! Shi kuma ko wata ba a yi ba ya sauya mashin, har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a yana miƙo min hannu ko kunya babu. Na bar shi da Allah. Da zaɓen gwamna ya zo 18 ga Maris na koma unguwar, mace uku ce ta yarda ta fito.

Don haka kar ka ɗauki alƙawarin da ba a hannunka yake ba. In mota ce ka ga direban da idonka, ka riƙe lambarsa da kanka.

Sannan maganar ɓangare, a ƙauye gida ake bi ba jam'iyya ba. Mu akwai zuri'ar da tun zamanin jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano duk inda gidan dagaci suka yi su sai su yi ɗaya gefen, tsofaffinmu har yanzu in suka zauna sai ka ji ana tuna santsi da taɓo, ɓangarori biyun da jam'iyyar PRP ta rabu. Ka san wane gida ke jin maganar wa kafin ka buɗe baki. A 2015 har marasa lafiya aka ɗauko saboda Buhari, ana ta sak, a kasa a tsare a raka, mutane suka kwana wajen ƙirga. Da aka sha wuya kuma ba ya kan takarda a 2023, da yawa cewa suka yi to wa za mu fita wa. Wannan ba taliya ko sabulu ke gyara shi ba, za su karɓa su yi maka godiya su yi zamansu.

Ka nemi mata, su ne masu juriyar layi. Ungozoma da mai kitso da uwar adashi sun fi ciyaman goma amfani. Kuma ka duba sunayen mutanenku tun da wuri, don a 2021 an ƙara rumfunan zaɓe, wani sai ya je inda ya saba ya tarar sunansa na wata rumfar ya yi fushi ya tafi gida. 'Yan ci-rani kuma a faɗa musu ana iya mayar da rajista inda mutum yake zaune lokacin da aka buɗe.

Gwaggo tana nan, katinta na cikin kwalla a ƙulle a leda. Ban sake yi mata maganar zaɓe ba, ban san da wane ido zan kalle ta ba. Ka min magana ta inbos in kana so in ba ka lambata.