Me Ya Hana Saurayin Nan Ya Ce Ba Ya So?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun Ingilishi a jami'a a nan Damagaram, kuma na ari wani littafin barkwanci na P. G. Wodehouse mai suna Right Ho, Jeeves. Na yi dariya ƙwarai, amma na kasa gane dalilin da ya sa Bertie Wooster, saurayi mai dukiya, yake yarda da baikon yarinyar da ba ya so, sai hadiminsa Jeeves ya zo ya fitar da shi. Shin haka masu kuɗin Ingila suke? Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta taɓa ginshiƙin da aka ɗora waɗannan littattafai a kai. Bertie ya tashi ne a cikin mutanen da suke ganin babban abin kunya ne namiji ya ce wa mace ba ya sonta bayan ta riga ta ɗauka cewa yana so. A wurinsu mace ce kaɗai take da ikon warware baiko, kuma doka ma tana bayanta, domin a Ingila macen da aka fasa aurenta tana iya kai ƙara kotu ta nemi diyya, har sai da majalisa ta soke wannan da dokar 1970.

Ki sake duba yadda abin ya faru a littafin, wanda ya fito a 1934. Gussie, abokin Bertie, yana son Madeline amma nauyin baki ya hana shi faɗa, sai Bertie ya ja ta cikin lambu domin ya share masa hanya, ya yi ta kewaye-kewaye cewa akwai wata zuciya da take ciwo saboda ita. Ita kuwa ta ɗauka kansa yake nufi. Daga ranar, duk lokacin da ta saɓa da Gussie sai ta waiwayo ta ce za ta auri Bertie don ta faranta masa, shi kuma ba shi da bakin musu. Mafita ɗaya ta rage masa, wato ya sasanta masoyan, kuma kowane yunƙuri nasa ƙara dagula al'amarin yake yi. A ƙarshe Jeeves ya sa shi ya kaɗa ƙararrawar gobara da tsakar dare, mutanen gida suka fito aka tarar ƙofofi a kulle, aka tura Bertie a kan keke tafiyar mil 18 zuwa da dawowa neman mabuɗin da yake hannun Jeeves tun farko. Kafin ya dawo, haushinsa da kowa yake ji ya haɗa kan masu gaba, masoya sun shirya.

Abu na biyu shi ne kuɗi. A gidajen sarautar Ingila babban ɗa ne yake gadon gida da filaye, don haka yawancin samarin da ke cikin waɗannan labarai ba su da sana'a, suna jiran abin da kawu ko goggo za ta yanka musu, kuma ba sa iya aure sai da yardarta. Bertie yana da abin hannunsa, amma duk da haka goggonsa Agatha takan zaɓo masa mata, ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Ina ganin wannan ɓangaren ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a Birni ko Zongo, inda maganar goggo a kan aure takan fi ta uba kaifi. Marubucin ya ga wannan da idonsa, domin an haife shi a 1881, mahaifinsa yana alƙalanci a Hong Kong, kuma ya yi yawancin hutun makarantarsa a hannun goggonni da innoni a Ingila.

Game da ko haka masu kuɗin suke, amsata ita ce a'a, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau. Jeeves ya fara bayyana a 1915, littafinsa na ƙarshe ya fito a 1974, shekara ɗaya kafin rasuwar marubucin a Amurka. A tsakanin nan an yi yaƙin duniya biyu, haraji ya sa an sayar da manyan gidaje da yawa, hadimai sun koma wasu ayyuka, amma kusan babu abin da ya motsa a duniyar Bertie. Wasu suna kushe littattafan saboda haka, kuma suna da hujja idan tarihi ake nema. Ni dai abin da nake darajawa a cikinsu shi ne ƙwarewar saƙa labari da kuma tausayin marubucin, wanda yake sa ki yi wa mutum dariya ba tare da kin tsane shi ba, kuma yake ajiye hankali da ilimi a wurin mai hidima, ya bar maigida da kyakkyawar zuciya kawai.

Tun da Ingilishi kike karanta, ki nemi Carry On, Jeeves na 1925, wanda gajerun labarai ne, sannan The Code of the Woosters na 1938, inda rikicin Madeline ya ci gaba. Harshen yana da wuya, domin Bertie yana cakuɗa zancen samarin zamaninsa da baitocin Shakespeare da yake rabin tunawa. An fassara da yawa daga cikinsu zuwa Faransanci, kuma ajiye fassarar a gefe zai taimaka miki a babobin farko, kafin kunnenki ya saba da muryarsa.