Yaya, ga amsar tambayarka a kan 'yarka da zaɓen Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kun tashi lafiya, kai da iyali da su Inna. Ya hunturun Kano? Mu nan sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufa.

Na saurari saƙon muryarka har sau uku. Ban amsa a take ba saboda maganar ta fi ƙarfin minti biyu a waya, kuma tun da hoton nan ya zaga dangi na san ba kai kaɗai ke riƙe da ita a ciki ba. Kun ga 'yarku da hijabi da rigar kamfen ɗin Kamala Harris a sama, tana tsaye a ƙofar gidan wani Bature a garin da ba namu ba. Ka tambayi nawa ake biyanta, ka tambayi yadda aka yi na bar budurwa tana bin ƙofofin mutane, sannan ka rufe da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ban ji haushi ba. Kai ne ubanta a wajena, hakkinka ne ka tambaya.

Kuɗi dai ko sisi ba a ba ta ba. Ita ce ma ta tura musu dala goma daga ɗan abin da take samu a aikin da take yi bayan ta taso daga jami'a. Na san yadda abin zai yi maka banbaraƙwai, don a gida in ka ga matashi da rigar ɗan takara, ka san an ba shi na mai, ko an raba atamfa da taliya a unguwarsu. Kada ka ɗauka nan ba siyasar kuɗi, tasu ta ma fi tamu ƙarfi. Kamfen ɗin Kamala Harris ya tara sama da dala biliyan ɗaya cikin watanni uku da 'yan kai, tun daga 21 ga Yulin 2024 da Biden ya janye. Sai dai kuɗin a tallan talabijin da na intanet da albashin ma'aikata suke ƙarewa. Miƙa wa mutum kuɗi don ya dangwala maka laifi ne da ake ɗaure mutum a kai. Akwai masu bin gida-gida da ake ɗauka haya, amma irin su 'yarka 'yan sa-kai ne.

Abin da ya kai ta jihar Fensilbaniya, inda aka ɗauki hoton, kuwa, tsarin zaɓensu ne. Ba yawan ƙuri'un ƙasa ke ba mutum mulki ba. Kowace jiha tana da adadin wakilanta, duka-duka 538, wanda ya haɗa 270 shi ne shugaba. In ka ɗebe jihohi biyu, duk wanda ya zo na ɗaya a jiha shi ke kwashe wakilanta kaf, ko da ratar ba ta taka kara ta karya ba. Shi ya sa a 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku amma ta faɗi. Jiharmu ta Niyok rabonta da zaɓen ɗan Rifabulikan a kujerar shugaban ƙasa tun 1984, don haka ba wanda ke ɓata lokacinsa a kanmu. Fensilbaniya mai wakilai 19 ita ce ba ta da alƙibla: Trump ya ci ta da ƙuri'a wajen dubu 44 a 2016, Biden ya karɓe ta da wajen dubu 80 a 2020. To duk matashin Niyok da siyasa ta shiga ransa, can ake kwasarsa a bas ranar Asabar.

Asabar huɗu ta yi tana zuwa a watan Oktoba, kuma duk huɗun ni nake tashinta. Ta yi sallar asuba, in cika mata filas da shayi, in ƙulla mata cincin da dambun nama a leda, babansu ya sauke ta inda bas ɗin ke jira kafin ya wuce aikin tasinsa. Tafiyar awa biyu ce zuwa Allentown. In sun isa sai a raba su biyu-biyu, a sa wa kowa jerin gidaje a wayarsa, masu rajistar zaɓe kawai, da sunan mai gida da lambar ƙofa. Doka ta farko da ake kafa musu ita ce kada a shiga gidan kowa, ko an ce bismillah. Ka ƙwanƙwasa, ka ja baya taku biyu, ka faɗi sunanka, ka tambayi mutum ko ya san rumfar da zai yi zaɓe da yadda zai je. In ba kowa ka maƙale takarda a ƙofa ka wuce. A cikin ƙofa goma, in an buɗe mata biyu ko uku ta ce ranar ta yi kyau. Wayarta kuma a haɗe take da tawa, duk titin da ta shiga ina ganinta a taswira ina daga ɗakina. Wani ya taɓa kallon hijabinta ya ce ta koma inda ta fito, ya buga ƙofa. A Bronx, nan cikin birnin Niyok, aka haife ta, Yaya. Ta ce hannunta ya yi ta rawa, amma ta ƙarasa layin. Gida na uku daga nan wata tsohuwa 'yar asalin Fotoriko ta fito mata da ruwa da kujera, ta riƙe ta da hira ta kusan rabin awa a kan tsadar magani da kuɗin haya.

Ka san ba da rana tsaka ta fara ba. Tana da shekara goma sha biyu a Janairun 2017 lokacin da aka sa hannu a dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi bakwai shigowa, har da Sudan. Washegari, Asabar, direbobin tasi na Niyok suka ƙi ɗaukar fasinja a filin jirgin JFK na awa ɗaya, kuma babansu na cikinsu. Mu muna gida muna kallon talabijin. Abin da yarinyar nan ta gani a daren bai bar ranta ba har yau: dubban mutane cikin sanyi a bakin filin jirgi, lauyoyi a zaune a ƙasa da kwamfutocinsu suna rubuta ƙara kyauta, kuma galibinsu ba Musulmi ba. Akwai Yahudawa, akwai Kiristoci, akwai waɗanda ba su yarda da kowane addini ba. Bayan kwana kaɗan Yamalawa masu ƙananan kantuna suka rufe shagunansu suka yi jam'in salla a fili a Brooklyn. Dokar ta yi ta canza kama, ta haɗa da Chadi a watan Satumba na shekarar, ta iso kan Najeriya a farkon 2020 ta tsayar da bizar masu zuwa zama. Ranar da Biden ya hau, 20 ga Janairun 2021, ya soke ta. Yaran da suka tashi suna ganin wannan ba sai an yi musu wa'azi a kan amfanin ƙuri'a ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damunka, kuma ni ma ita ce ke hana ni barci wani lokaci. Gaskiya ne jam'iyyar Dimokurat, wato ta Harris, tana goyon bayan auren jinsi, wanda kotun ƙoli ta halatta a duk ƙasar tun 2015, tana kuma goyon bayan 'yancin zubar da ciki. Gaskiya ne a cikin abokan tafiyarta akwai masu rayuwar da ni da kai ba mu yarda da ita ba. Ba zan ɓoye maka ba, na zaunar da ita ba sau ɗaya ba. Ta ce mini: "Mama, na san abin da addinina ya ce, kuma ban canza ba. Amma dokar da ta hana a kori wancan daga aiki saboda yadda yake, ita ce ta hana a kore ki saboda hijabinki." Na yi shiru, don shekara goma sha tara ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu da mayafina, na san abin da take nufi.

Wannan ne abin da ke da wuyar fahimta daga Kano. Ku a can ku ne masu yawa. In kun ga abin da ba ku so, kuna iya cewa a hana, a kuma hana. Mu a nan Musulmi gaba ɗayanmu, da Larabawa da 'yan Fakistan da baƙaƙen Amurka da mu 'yan Afirka ta Yamma, ba mu fi kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Duk abin da muka samu da hannun wasu muka same shi. Tun 2015 aka amince a riƙa rufe makarantun gwamnati na birnin Niyok ranar ƙaramar Salla da babba, bayan shekaru ana fafutuka tare da ƙungiyoyin ƙwadago da na wasu addinai. A 2023 aka ba masallatai damar kiran sallar Juma'a da lasifika ba sai sun nemi izini ba. Ranar da na fara jin kiran salla a kan titi a unguwarmu sai da na tsaya na share hawaye. Su wane ne suka tsaya mana a waɗannan? Mafi yawansu irin mutanen nan ne masu rinannen gashi da ɗankunne a hanci da ka gani a gefenta a hoto.

Wadda ke damanta a hoton Bayahudiya ce, ajinsu ɗaya. Lokacin azahar ya yi musu a wani filin ajiye motoci, babu masallaci kusa. Ita ce ta cire rigar sanyinta ta shimfiɗa wa 'yarka a kan kwalta, ta tsaya a bayanta tana gadi har ta sallame. Ba na cewa wannan ya share bambancin da ke tsakaninmu. Tsorona na nan, musamman a kan ƙannenta da ke ƙananan azuzuwa, shi ya sa islamiyyar Asabar da Lahadi ba fashi a gidana, kuma duk littafin da aka ba su a makaranta sai na duba. Abu ɗaya da na hana su shi ne zagin mutum ko wulaƙanta shi, ko wane ne.

Kada kuma ka ɗauka duk Hausawan nan bakinmu ɗaya. A masallacinmu akwai 'yan Kano da Katsina, da 'yan Damagaram da Maraɗi, da 'yan zangon Kumasi da Nima, kuma a zaɓen 2024 mun rabu yadda ban taɓa gani ba. Wasu maza sun koma wajen Trump saboda tsadar kayan masarufi da abin da ake koya wa yara a makaranta. Shi kansa ya zo har Kudancin Bronx ya yi gangami a watan Mayu, kuma a ƙarshe ya samu sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un Bronx, inda a da ba ya kai kashi ɗaya cikin biyar. Wasu da yawa ba su da ta cewa, don mai katin zama ba ya zaɓe sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Amma abin da ya fi tsaga mu shi ne Gaza.

A kan teburin cin abincinmu aka yi wannan rigimar. Babansu ya ce hannunsa ba zai dangwala wa gwamnatin da ke aika makaman da ake kashe yaran Falasɗinawa da su ba. Ba shi kaɗai ba ne: a zaɓen fid da gwani na Mishigan a watan Fabrairu mutum sama da dubu ɗari suka ƙi zaɓen Biden saboda haka, kuma a Nuwamba Trump ne ya zo na ɗaya a Dearborn, garin Larabawa. Ita kuma 'yarka, wadda ta sha fita zanga-zangar Gaza da kafiyya a wuya, ta ce duka biyun ba su yi wa Falasɗinawa adalci ba, amma ɗaya in ka yi masa ihu yana iya ji. Ta yi kuka a wannan daren. Uban bai ɗaga murya ba, bai kuma janye ba. Ranar 5 ga Nuwamba tare suka tafi rumfar zaɓe, kowa ya shiga nasa lungun. Shi 'yar takarar jam'iyyar masu kare muhalli ya ba, ita ta ba Harris ƙuri'arta ta farko a zaɓen shugaban ƙasa. Ni na bi 'yata, amma ban ga laifin mijina ba, har yau kuma zuciyata ba ta kwanta a kan wannan ba.

Da na ji ka ce ba tarbiyyar gidanmu ba ce mace ta shiga siyasa, sai na tuna hoton Malam Aminu Kano da ke rataye a zauren Baba, da labarin da kai da bakinka kake ba mu na Hajiya Gambo Sawaba, yadda take shiga gida-gida tana tara mata tun zamanin NEPU, ana kama ta ana ɗaurewa tana fitowa tana ci gaba. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai 1979. Ka tambayi Inna wa ya raka ta layi a ranar, da wace jam'iyya ta dangwala wa. Baba bai taɓa karɓar ko kwabo a kan PRP ba, kekensa yake hawa ya zaga ƙauyuka. Ni dai da na ga jikarsa tana ɗaura takalmi da asuba, shi na tuna.

Sakamako kun riga kun ji: Trump wakilai 312, Harris 226, kuma Fensilbaniyar da ta yi wa wahala ta tafi wajen Trump da ratar sama da dubu ɗari. Ta kwana a falo da waya a hannu. Da safe na same ta a kan darduma idanu sun kumbura, na zauna kusa da ita ban ce komai ba, na haɗa mata kunu. Kwana biyu ba ta da walwala. Ranar Lahadin da ta biyo baya ta je wajen limaminmu ta nemi a ba ta ɗakin ƙasa na masallaci. Yanzu mata bakwai take zaunar da su bayan la'asar, yawancinsu sa'o'in Inna, tana bi da su tambayoyin jarrabawar zama ɗan ƙasa. A tsarin 2024 tambayoyi ɗari ne, goma ake yi wa mutum, ya ci shida ya wuce. Tana karanta musu da Turanci tana fassarawa da Hausarta ta 'yan nan, suna gyara mata Hausar tana gyara musu Turancin.

Na gaya mata ka yi magana, ta ce za ta kira ka ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci. Ka tambaye ta duk abin da ka ga dama, za ta amsa maka da ladabi, sai dai ka bi ta a hankali don har yanzu abin na mata ciwo. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta na hannun mai zuwa ƙarshen wata.

Ƙanwarka.