Amsa ga Mama mai tambayar otal da majami'a a Kairo

Mama sannu da ƙoƙari, ya mai jiki? Ubangiji ya ba Baba lafiya. Tun jiya da dare na ga tambayarki, cewa za ki raka shi Kairo ganin likita na sati uku, kina neman unguwar da za ki kama otal da kuma inda za ki riƙa zuwa sujada. Na ga wasu sun ce ki duba mai tauraro huɗu kawai ki biya. Toh ni dai ba haka zan ce ba, don na yi irin wannan tafiyar da tsohuwata, daga nan Jos muka sauka Abuja muka hau EgyptAir, kuma sai da na sha wuya kafin na gane kan garin.

Kafin zancen otal, ki fara riƙe wannan: a Masar hutun ƙarshen mako Juma'a ne da Asabar, Lahadi ranar aiki ce kamar Litinin ɗinmu. Ni ba wanda ya gaya min. Lahadin farko na tashi na goge kaftanina na ɗauki Littafi Mai Tsarki, ina fitowa sai ga yara da jakar makaranta, bankuna a buɗe, hon ko'ina kamar kasuwar Terminus ta Jos ana gobe Kirsimeti. Ashe majami'u da yawa babbar sujadarsu ta safiyar Juma'a ce, lokacin da mutane suke gida. Ana yi ran Lahadi ma, amma wani wurin da yamma ne, wani kuma mutanen ba su kai na Juma'a ba. Kuma likita zai iya sa muku rana ran Lahadi da safe ba ruwansa, kinga in ba ki shirya ba sai sati uku su wuce ba ki shiga ɗakin sujada ba. Abin daɗin shi ne safiyar Juma'a hanya fayau take, tafiyar da ke cin awa guda sai ki yi ta a minti ashirin.

Kuskurena na biyu otal ne. Na ga hoto a waya, taga tana kallon dalar Giza, kuɗin ba yawa, na biya na kwana goma gaba ɗaya. Hmm. Asibitin yana wani ɓangare na gari, kullum sai mu yi fiye da awa a cunkoso, tsohuwa da ciwon baya tana ta juyi a kujerar mota tana cewa in mai da ita Bukuru. Kwana huɗu muka tattara, sauran kuɗin kuma ba a mayar min ba. Saboda haka ki buɗe Google Maps ki sa asibitin tukuna, ki sa majami'ar, sannan ki nemi masauki a tsakaninsu amma ya fi kusa da asibiti, don can za ku je kusan kullum, coci sau ɗaya ko biyu a sati. Ki biya kwana biyu ko uku kawai, in kin gani da idonki ya yi miki sai ki ƙara.

In asibitin na Dokki ne ko Mohandessin, Zamalek na kusa, tsibiri ne a tsakiyar kogin Nilu, shiru, akwai ofisoshin jakadanci, sai dai tsada. A nan All Saints' Cathedral take, ta Angilikan, bayan otal ɗin Marriott, suna sujada da Turanci Juma'a da Lahadi, kuma 'yan'uwa 'yan Sudan suna da nasu taron a wurin. Nan na fi zuwa. In kina son wa'azi da waƙa irin namu na ECWA ko COCIN, akwai Kasr El Dobara dab da dandalin Tahrir, cike take da matasa, da Larabci ake yi amma ko waƙar kaɗai ta isa ki je. Can kudu a Maadi akwai Maadi Community Church, Turanci zalla, mutane daga ƙasashe kala-kala har da 'yan Afirka da yawa, su ma Juma'a ce ranarsu. Lokaci yana canjawa, ki duba shafinsu na Facebook ana gobe.

Otal na tsakiyar gari sun fi araha amma ki yi tambaya sosai, da yawa ba gini guda ba ne, hawa ɗaya ko biyu suka kama a tsohon bene, sai ki ga risefshon a hawa na shida, lif ɗin kuma irin na zamanin da mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu. Ga mai jinya wannan ba wasa ba ne. Ki tambaya ko lif na aiki, ko keken marasa lafiya zai shiga, ki ce a ba ki ɗakin da baya kallon titi don mutanen Kairo ba sa barci da wuri, ƙarfe biyun dare ana hon. Ki tambayi firij da butar dafa ruwa, kuma ko kuɗin da suka faɗa ya haɗa da haraji. Kar ki dogara da katin naira shi kaɗai, ki riƙe dala a hannu. Sati uku ma gaskiya gidan haya mai kaya a ciki ya fi, ki tafi da acha da yaji ki riƙa yi wa Baba gwate, tsohuwata kwana biyu ta yi tana cin koshari ta ce ta gaji da shinkafa da taliya a kwano ɗaya.

Ranar sujada ki ɗauki fasfo. Tun bayan harin da aka kai cocin Botroseya a Disamba 2016 da na Tanta da Iskandariya a Afrilu 2017, akwai 'yan sanda da na'urar bincike a ƙofar majami'u, mu mutanen Jos ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kibɗawa, wato Kiristocin Masar 'yan ɗarikar Coptic, da yawa suna da ɗan zanen gicciye a wuyan hannu, za ki ga suna nunawa su wuce, mu baƙi fasfo ake tambaya.

In Baba ya ji sauƙi ku je tsohuwar unguwar Kibɗawa, tashar Mar Girgis, tasha huɗu daga tashar Sadat ta dandalin Tahrir a layin jirgin metro na ɗaya, amma da shi ku ɗauki Uber saboda matakala, ke kaɗai kuwa akwai taragon mata. Can ne cocin Abu Serga yake, inda suke cewa Yusufu da Maryamu sun ɓoye da jariri Yesu lokacin gudun Hirudus. Sujadarsu doguwa ce, fiye da awa biyu, turare ya cika ɗaki, maza gefe mata gefe, yawanci a tsaye. Ki rufe kai, kuma kar ki tashi karɓar jibin Ubangiji, na 'yan ɗarikarsu ne kawai. Amma bayan an tashi ana raba wani burodi mai zanen gicciye, wannan kowa na ci, wani dattijo ya gutsuro nasa ya miƙa wa tsohuwata, ba ta jin Larabci baya jin Hausa, sai murmushi.

Ba ki faɗi watan tafiyar ba. In Disamba ne ko Janairu ki ɗauki rigunan sanyinku na Jos, dare akwai sanyi sosai, kuma Kirsimetin Kibɗawa 7 ga Janairu ne. Katin allurar shawara ki haɗa shi da fasfo tun yanzu. Ki faɗa min unguwar da asibitin yake in gaya miki majami'ar da ta fi kusa.