Amsa ga mai son rage cin burosta da shawarma a Makka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce shekara uku kana aiki a Makka, kullum daga burosta (soyayyar kaza) sai shawarma, tumbi ya fito, kana neman hanyar dainawa. Ni ma na shiga wannan hali. Na yanke komai rana ɗaya, kwana huɗu na koma ruwa, don haka kada ka bi ta nan.

Fara da lemon gwangwani, can ɓarnar ta fi yawa. Gwangwani mai mili 330 na ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya tsaya ƙasa da kimanin giram 50 a yini. A 2017 ma Saudiyya ta ɗora masa harajin kashi 50 cikin ɗari. Ka musanya shi da laban (nono) ko ruwa, ka ƙyale kazarka tukuna. Bayan wata guda sai ka rage soyayyen dankali. Ka kuma riƙa duba kalorin da ke jikin allon farashi, tun 2019 aka wajabta wa gidajen abinci rubuta shi.

Ni dai tukunya ce ta cece ni, domin yunwar dare ce ke kai mu layi. Ranar Juma'a nakan leƙa titin da ake kira Shara Mansur in sayo kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa, in yi miya mai yawa in rarraba a firji. In na dawo bayan isha'i a gajiye, tuƙa tuwo kawai ya rage min. Sau ɗaya a mako har yanzu ina cin burostata tare da abokai.