Yayana Yana Dukan Ɗansa Har Jini: Laifi Ne In Kai Maganar Gaba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, yayana yana da yaro ɗan shekara 7, sun rabu da uwarsa. Yana zane shi da wayar wuta har jikinsa ya farfashe, wata rana kuma ya kulle shi a ɗaki ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, yawanci a kan fitsarin kwance. Yaron da mai surutu ne, yanzu ko hannu aka ɗaga kusa da shi sai ya zabura ya kare kansa. Na yi wa Yaya magana, ya ce ɗansa ne, kuma ai hadisi ya ce a doki yara. Mahaifiyarmu ta ce in rufa asirin gida. Idan na kai maganar gaba, na yi giba ko na yanke zumunci?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, in dai lamarin yana yadda kika faɗa, abin da yayanki yake yi zalunci ne, haramun ne, kuma ceton yaron nan wajibi ne a kan duk wanda ya sani yake da iko. Ba giba kika yi ba, zumunci kuma sada shi kika yi.

Bari mu fara da hadisin da ya fake da shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Amru ɗan Shu'aibu cewa a umarci yara da salla suna da shekara 7, a doke su a kanta idan sun kai 10. To duba da kyau. Salla ce fa, ginshiƙin addini, amma aka ce shekara uku cur ana lallashi da tunatarwa kafin a yi zancen duka. Ɗan yayanki ko goman bai kai ba, kuma abin da ake dukansa a kai ba laifi ba ne. Mai barci an ɗauke masa alƙalami ko da baligi ne, balle yaro. Likitoci ma sun tabbatar fitsarin kwance ba da gangan yaro yake yi ba, kuma firgici ƙara shi yake.

Ko inda malaman fiƙihu suka yarda da dukan ladabi, sun ɗaure shi da sharuɗɗa: kada ya fasa fata, kada ya karya ƙashi, kada ya taɓa fuska, domin hanin dukan fuska ya tabbata a Buhari da Muslim. Muhammadu ɗan Sahnun, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya tsayar wa mai koyar da yara bugu uku a kan karatu. Sun kuma kafa wata ƙa'ida da iyaye da yawa ba su sani ba: idan yaro ba zai gyaru ba sai da duka mai tsanani, to mai tsananin haramun ne, mai sauƙin kuma ya faɗi tunda ba shi da amfani. Wayar wuta ba ta da gurbi a nan ko kaɗan.

Shi kuwa Annabin da ake jingina wa hadisin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Da Annabi ya tarar da Abu Mas'ud yana bulale bawansa, sai ya ce masa: ka sani Allah ya fi iko a kanka fiye da yadda kake da iko a kan wannan. Ina ma a karanta wa yayanki wannan a natse, don kalmar "ɗana ne" da yake faɗa magana ce ta mai jin ya mallaka, alhali amana aka ba shi.

Horon yunwa da kullewa ya fi ba ni tsoro. An azabtar da wata mata a wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Ina ga ɗan mutum? Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa take wuyansa.

Zaburar da kika ga yaron yana yi, ita ce tabon da ba a gani. Ibnu Haldun, malamin tarihi wanda ya rasu a 1406 Miladiyya, ya rubuta cewa yaron da aka raina da ƙuntatawa yakan koyi ƙarya da yaudara da kasala, saboda tsoron hannun da ke kansa. Binciken likitocin zamani ya haɗa irin wannan ƙuruciya da ciwon damuwa da shaye-shaye a girma, kuma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa sukan maimaita a kan nasu 'ya'yan. Sau da yawa mai dukan ba tarbiyya yake yi ba, haushin wani abu yake hucewa: ƙuncin rayuwa, ko ɗacin rabuwa da uwar yaron, ko shi ma haka aka yi masa. Wannan yana sa a fahimce shi, ba ya wanke shi.

Batun giba: Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi cewa marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, kuma bai ce ta yi giba ba. Daga nan malamai, ciki har da Imam Nawawi, suka halatta ambaton laifin mutum don neman a kawar da zalunci. Rufin asiri na wanda ya yi zunubi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, bai shafi cutar da take ci gaba a kan mai rauni ba. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 135, a tsaya da adalci ko a kan kawunanku ne ko iyaye da dangi. Hadisin Buhari ya ce ka taimaki ɗan'uwanka yana zalunci ko ana zaluntarsa, taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Mahaifiyarku ki lallashe ta da ladabi, amma ba a biyayya ga abin halitta a saɓa wa Mahalicci.

Ki fara kai yaron asibiti a duba raunukan. Sannan ki samu wanda yayanki yake jin nauyinsa, dattijo ko malami, ba don a ba shi haƙuri a tashi ba, don a yanke inda yaron zai zauna. Uwarsa ce ta fi cancanta da renonsa in babu abin da ya hana, bayanta kuma danginta mata, ciyarwa tana nan a wuyan uba. Amana sharaɗi ce ga mai riƙon yaro, alƙali yana da ikon karɓe shi daga hannun da ke cutar da shi. In Yaya ya ƙi, ko kika ji tsoron wani abu zai sami yaron kafin a zauna, ki wuce kai tsaye wurin alƙali ko hukumar kula da yara. Ki faɗi abin da idonki ya gani kaɗai, ga wanda zai iya gyara kaɗai, kada ki yaɗa hotunan yaron a intanet.

Wallahu a'alam.